Miyasteniya

miyasteniya suna, jinsin mace, ba ta da jam'i. Asalinta Girkanci ne, ma'ana raunin tsoka.

Cutar da ke sa tsoka saurin gajiya. Mutum zai tashi da safe garau, amma kafin la'asar fatar idonsa ta sauko, yana ganin abu bibbiyu, tauna ta gagare shi, murya ta koma ta hanci. In ya huta, ƙarfi ya ɗan dawo.

Matsalar tana daidai mahaɗar da jijiya ke miƙa wa tsoka saƙo. Jijiya takan saki sinadarin asetilkolin, sai garkuwar jiki ta juya wa mai ita baya, ta toshe wuraren da ke karɓar sinadarin a jikin tsoka. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu cutar suna da ƙari a taimus, wata halitta da ke bayan ƙashin ƙirji.

Akwai gwaji mai sauƙi: likita ya ɗora ƙanƙara a kan idon minti 2, sai a ga fatar ta ɗaga. A 1934 likita Mary Walker ta nuna a Landan cewa maganin fisostigmin na dawo da ƙarfin tsoka na ɗan lokaci. Yau an fi ba da piridostigmin.

*Misali:* "Yaya, likita ya ce miyasteniya ce ke damun Inna, ba sammu ba ne."

Miyasteniya daban take da shan inna da shanyewar ɓarin jiki, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Idan numfashi ko haɗiya ya fara wuya, a garzaya asibiti nan take.