Allo da Teburin Magatakarda: Tarihin Gidaje Biyu na Kwamfutar Allo



Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi salsalar wata na'ura da ta zama ruwan dare a hannun ɗalibai da ma'aikata, wato kwamfutar nan mai siffar allo, wadda ake sarrafa ta ta hanyar taɓa gilashinta da yatsa ko da alƙalami. A ido duk kamarsu ɗaya, amma a ciki gida biyu ne. Abin da ya raba su shi ne uwar manhaja, watau babban tsarin da ke mulkin na'urar, wanda sauran manhajoji ke aiki a ƙarƙashinsa. Wasu suna ɗauke da uwar manhajar kwamfutar tebur, kamar Windows, wasu kuwa ta wayar salula, kamar Android. Wanda bai san wannan bambanci ba, yana iya kashe albashin watanni ya sayi abin da ba zai yi masa aikinsa ba.

Kafin mu ƙetare teku, bari mu fara daga cikin ganuwar Zazzau, domin misalin yana nan a gida. A Unguwar Juma da Unguwar Kona, da sauran unguwannin malamai, kayan rubutu iri biyu aka sani tun kaka da kakanni. Akwai allo, wanda yake mara nauyi, mai ƙarko, yaro ya rungume shi ya tafi ko'ina. Darasi ɗaya yake ɗauka, in an biya a wanke. Akwai kuma kayan mai kwafar littafi da magatakardan fada: takarda, da tawada baƙa da ja, da alƙaluma iri-iri, da gafaka, da wurin zama na musamman. Ba wanda ya taɓa cewa ɗaya ya fi ɗaya, domin kowanne da aikinsa. Wannan rabo shi ne ya sake bayyana a kwamfutar allo.

Tunanin yin kwamfuta mai siffar allo ya girmi na'urar kanta. A 1972 wani masani ɗan Amurka, Alan Kay, ya bayyana wata na'ura da ya kira Dynabook, wadda yake fata yara za su riƙa koyo da ita. Fasahar wancan zamani ba ta kai a ƙera ta ba. Da aka tashi ƙerawa, sai aka fara daga gidan tebur. GRiDPad ta 1989 tana aiki ne da MS-DOS, tsarin kwamfutocin ofis na lokacin. A 2002 kamfanin Microsoft ya fito da wani nau'in Windows XP na musamman don kwamfutar allo. Na'urorin suna iya kusan duk abin da ta tebur ke yi, sai dai ga nauyi, ga tsada, ga zafi, batir kuma ba ya jimawa. Har ila yau, an tsara Windows ne don madannai da linzami, saboda haka alamominsa ƙanana ne, yatsa ba ya kama su. Jama'a ba su karɓe su ba sosai.

Gida na biyu daga aljihu ya taso. Ya faro da ƙananan na'urorin ajiye lambobi da jadawalin aiki, irin su Newton ta kamfanin Apple a 1993 da Pilot ta kamfanin Palm a 1996. Daga nan sai iPhone a 2007, da wayar Android ta farko a 2008. A 2010 Apple ya faɗaɗa gilashin waya ya kira shi iPad. Nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, batirinta yana kai awa 10, farashinta kuma ya fara daga dala 499. A cikin wannan shekara Samsung ya fito da Galaxy Tab mai Android. Cikin ɗan lokaci aka sayar da miliyoyi.

Mene ne sirrin wannan nasara? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kwamfutar tebur an haife ta ne a jikin soket, ba ta san tsimin wuta ba. Ƙwaƙwalwarta, wadda galibi ta kamfanin Intel ce, ƙarfi aka nema da ita. Waya kuwa a kan batir ta girma, ƙwaƙwalwarta ƙirar ARM ce, wadda aka fara a Kambirij ta Ingila a 1985, mai cin wuta kaɗan. Uwar manhajar waya tana dakatar da duk manhajar da ba a amfani da ita, tana killace kowace a ɗakinta, kuma yawanci daga shagon kamfani ake samo su. Wannan ya kawo sauƙi da tsaro, amma ya rage wa mai na'ura iko. Uwar manhajar tebur kuwa ƙofarta a buɗe take: ka sa manhajar da ka ga dama, ka buɗe taga goma, ka jona firinta, ka tsara fayilolinka yadda kake so. Farashin wannan 'yanci shi ne cin batir, da haɗarin kamuwa da cutar kwamfuta, da bukatar mai gyara.

An yi ƙoƙarin haɗa gidajen biyu. A 2012 Microsoft ya fito da Surface RT, mai fuskar Windows da ƙwaƙwalwar ARM. Masu saye suka tarar ba ta karɓar manhajojin Windows da suka saba da su, na waya kuma babu isassu. Ta zama jemage, ba tsuntsu ba dabba. A 2013 kamfanin ya bayyana asarar kusan dala miliyan 900 a kanta. Surface Pro ta 2013, mai cikakken Windows, ita ce ta rayu. Apple kuma ya taho daga ɗaya ɓangaren: ya ƙara alƙalami da madannai a 2015, ya ware wa iPad nata tsarin a 2019, a 2021 kuma ya sa mata ƙwaƙwalwa irin ta kwamfutocinsa. Gidajen sun matso kusa, amma ba su zama ɗaya ba.

To, ina ruwanmu da wannan? A Nijeriya, tun zuwan wayar salula a 2001, mafi yawan mutane ta gidan waya suka shiga duniyar kwamfuta. Dalili a fili yake: araha, da rashin tabbacin wutar lantarki. Gwamnati ma ta bi wannan hanya. A 2013 Jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare kwamfutar allo mai ɗauke da littattafai, wadda ta kira Opon Imo, wato allon ilimi. Na'urar BVAS da aka tantance masu zaɓe da ita a 2023 ma 'yar gidan Android ce. Ga irin wannan aiki, na karatu ko cike fom a karkara, babu kamar ta. Amma tun 2015 duk mai neman shiga jami'a a gaban kwamfuta mai madannai yake rubuta jarrabawar JAMB. Ɗalibin Samaru ko Kongo da zai rubuta kundin digiri mai shafi ɗari, ya tace alƙaluman bincikensa da SPSS, zai tarar wannan manhaja ba ta aiki a kan Android. Haka akanta mai haɗa kasafin kuɗin ƙaramar hukuma.

A matsayina na malamin Hausa, akwai abin da ya fi damuna. Zariya gari ne na masu samar da rubutu. A nan, cikin shekarun 1930, a zamanin Rupert East, aka tabbatar da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana edita. Aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, da NNPC a 1966. Dole a yaba wa gidan waya, domin madannan gilashi sun sa samun waɗannan haruffa ya yi sauƙi ga kowa, kuma marubuta da yawa, musamman mata, a kan waya suke rubuta littattafan hikaya. Amma shirya littafi don ɗab'i, da haɗa ƙamus, da ƙera haruffan ajami, da rubuta ita manhajar kanta, galibi aikin gidan tebur ne. A 2016 aka shigar da fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu cikin Unicode, ma'aunin haruffa na duniya. Amfani da su yadda ya kamata yana jiran masu ƙwarewa daga cikinmu. Al'ummar da ta tsaya ga taɓa gilashi kawai, abin da wasu suka dafa shi za ta riƙa ci.

Saboda haka, shawarata ga ɗalibi ita ce, kafin ya tambayi farashi ya tambayi kansa aikin da zai yi, sannan ya tambayi mai shago wace uwar manhaja ce a ciki. Ga ma'aikatan da ke sayo wa makarantu da ofisoshi kaya kuwa, a raba kwamfutar allo don karatu, amma kada a rufe ɗakin kwamfutocin tebur saboda ita. Magabatanmu na cikin birni sun ba kowane yaro allo, amma ba su taɓa barin gari ya rasa magatakarda ba.