Mazaɓar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Tarayya, 1954–1966

Tarihin kujerar birnin Kano a Majalisar Wakilai ta Legas ya nuna cewa tsarin zaɓe shi ne kan fayyace wanda zai yi magana da yawun jama'a. A shekarar 1954 zaɓe a Jihar Arewa hawa-hawa ake yin sa, wato jama'a su zaɓi wakilai, su kuma wakilan su fitar da ɗan majalisa. Wannan tsari ya bai wa sarakuna da hukumar En'e damar yin tasiri a kowane mataki. A ƙarƙashinsa ne Maitama Sule na jam'iyyar NPC ya kayar da Malam Aminu Kano, jagoran NEPU.

A zaɓen Disamba na 1959 aka bai wa kowane baligi namiji damar jefa ƙuri'arsa kai tsaye a asirce, ko da yake matan Arewa ba su samu wannan 'yanci ba tukuna. Nan take al'amura suka juya: Malam Aminu ya lashe mazaɓar Kano ta Gabas, kuma saboda ƙawancen NEPU da NCNC ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati.

Sai dai nasarar ba ta ɗore ba. A zaɓen 1964, wanda rikici da ƙauracewar 'yan adawa suka dabaibaye, Alhaji Mahmud Ɗantata na NPC ya karɓe kujerar. Juyin mulkin Janairu 1966 ya rushe majalisar baki ɗaya, talakawan mazaɓar suka sake rasa bakin magana har zuwa 1979.