Na'urar Daidaita Zafi Mai Aiki da Waifai a Gidajen Talata Mafara, Bakura da Maradun: Nazarin Dacewarta da Wuta, Sabis da Zaman Iyali

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin na'urar daidaita zafin ɗaki wadda ake tsara wa lokutan aiki, ake kuma sarrafa ta da wayar hannu ta hanyar waifai, domin a gano ko ta dace da gidajen Talata Mafara, Bakura da Maradun a Jihar Zamfara. An kwatanta sharuɗɗan da masu ƙera ta suka gina ta a kai da halin wutar lantarki, sabis ɗin waya, yanayi da tsarin zaman iyali na yankin. Binciken ya gano cewa amfaninta a nan yana cikin jadawalin da ke ajiye a cikinta, musamman idan an daidaita shi da sa'o'in da farantan sola ke ba da wuta. Haɗi da waya daga nesa, wanda shi ake tallatawa, ya fi amfani a firjin alluran rigakafi da injin ƙyanƙyasa fiye da ɗakin kwana.

Muhimman kalmomi: daidaita zafi, waifai, iyakwandishan, sola, Zamfara.

1.0 Gabatarwa

Ƙananan hukumomin uku suna cikin shiyyar Zamfara ta Yamma, a kwarin Gulbin Sakkwato. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas ko ya zarce, ɗaki mai rufin kwano kuwa yakan riƙe zafin har tsakar dare. Sanyin hunturu na Disamba da Janairu ba ya kai a kafa injin ɗumama gida. Bargo da kaskon wuta sun wadatar. Buƙatar yankin ta sanyaya ɗaki ce, kuma ta 'yan watanni ce masu tsanani.

Tsadar wuta ta sa maganar ta zama ta yau. Tun cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kwana da janareta ya fi ƙarfin magidanta da yawa, masu hali suka karkata ga sola da batir. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai farashin yunit ɗaya zuwa naira 225 ga rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar sa'o'i 20 a rana. Kamfanin Kaduna Electric, wanda ke raba wuta a Zamfara, Sakkwato, Kebbi da Kaduna, yana ƙarƙashin wannan tsari na rukuni-rukuni. Ko ta wace hanya wutar ta zo, kowane yunit kuɗi ne. A wannan hali ne iyakwandishan masu waifai na kamfanoni irin su LG da Hisense suka shigo kasuwannin Nijeriya, tare da ƙananan na'urorin da ake liƙawa a bango su umarci tsohon iyakwandishan.

2.0 Asalin Na'urar

A 1883 wani malamin makaranta a Amurka, Warren Johnson, ya yi rajistar na'urar lantarki mai lura da zafin azuzuwa. Aikin Albert Butz na shekarun 1880 shi ne tushen kamfanin Honeywell. Dukansu sanyi suke yaƙa. Daga baya aka ƙara agogo, mai gida ya iya tsara cewa a rage ɗumi idan an fita aiki, a ƙara kafin a dawo.

Wannan tsari bai ba da sakamakon da aka zata ba. A ƙarshen 2009 hukumar kare muhalli ta Amurka ta janye tambarin Energy Star daga irin waɗannan na'urori, domin an rasa tabbacin cewa suna rage shan wuta a hannun masu amfani da su: mutane da yawa ba sa tsara jadawalin, ko su tsara su dakatar da shi. Wannan giɓi ne Tony Fadell da Matt Rogers suka nufa da na'urar Nest a 2011, wadda ke koyon al'adar masu gida da kanta, kuma kamfanin Google ya sayi kamfaninsu a 2014 kan dala biliyan 3.2. Amma a ranar 25 ga Oktoba, 2025, Google ya daina tallafa wa samfuri na farko da na biyu na Nest. Na'urorin suna nan a bango suna aiki da hannu, sai dai wayar mai gida ba ta iya umartarsu. Ikon da ake saye da tsada yana hannun kamfani, ba hannun mai saye ba.

3.0 Hanyar Bincike

An bi hanyar kwatance. An fitar da sharuɗɗan da na'urar ke buƙata daga yadda aka ƙera ta, aka auna kowane ɗaya da abin da aka sani na yankin, sannan aka yi lissafin misali a kan gida mai sola. Alƙaluman lissafin ƙaddarawa ne bisa ƙarfin kayan da aka saba gani a kasuwa.

4.0 Sakamako da Tattaunawa

4.1 Haɗa na'urar

Nest da takwarorinta na Amurka an yi su ne don gida mai injin ɗumamawa da sanyayawa guda ɗaya, wanda ke tura iska ta bututu zuwa kowane ɗaki, ana umartarsa da siraran wayoyi masu bolt 24. Gidajen Mafara ba su da wannan. Abin da ake da shi iyakwandishan ne mai ɓangare biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, yana aiki da bolt 230, ana umartarsa da rimot. Wanda ya jona na'urar bolt 24 da wutar bango ya ƙone ta nan take.

Hanyoyi biyu ne suka rage. Ko dai a sayi iyakwandishan mai waifai a jikinsa, ko a sayi ƙaramar na'ura irin Sensibo ko Broadlink wadda ke kwaikwayon hasken da rimot ke aikawa. Ta biyun ta fi araha, amma tana da rauni: umarni kawai take aikawa, ba ta samun amsa. Idan labule ya tare hasken, manhaja za ta nuna an kashe iyakwandishan alhali yana ta cin batir. Don haka dole a kafa ta inda take kallon iyakwandishan kai tsaye, a bangon ciki, kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, nesa da taga da hasken rana da hucin sanyin injin. Yawancinsu da zangon waifai na 2.4 GHz kaɗai suke haɗuwa, kuma wannan ne ke hana haɗi a lokuta da dama, mai gyara ya ɗauka na'urar ce ta lalace.

4.2 Wuta da sabis

Nan ne matsalar ta fi zurfi. Sanyin iyakwandishan daga kwamfuresa yake fitowa, ita kuwa tana buƙatar hutun kimanin minti uku kafin ta sake tashi. Inda Nepa ke ɗaukewa tana dawowa, ko take zuwa da rauni, na'urar kariya mai jinkirta kunnawa ta fi waifai muhimmanci, kuma ita ya kamata a fara saye. Bayan haka sai maganar agogo. Wasu ƙananan na'urorin ba su da batirin riƙe lokaci. Daga intanet suke karɓar sa'a duk lokacin da suka farka. Wasu ma jadawalin nasu ba a cikinsu yake ba, yana kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. Idan wuta ta dawo babu sabis, irin wannan na'ura ba ta san ko azahar ce ko asuba ba.

Mutanen Zamfara sun san rashin sabis ba zato ba ne. A farkon Satumba na 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a duk faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle. An ce mako biyu, amma Gusau ba ta samu sabis ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka daɗe fiye da haka. Duk na'urar da ta dogara da kwamfutocin waje za ta zama kurma a irin wannan lokaci.

Yankin yana da darasi mafi tsufa. Madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka kammala a 1978, an tsara ta shayar da hekta 23,000 a ƙasashen waɗannan ƙananan hukumomi, mafi yawa ta hanyar feshi da famfunan lantarki, saura ta magudanai da ruwa ke gangarowa da kansa. Ɓangaren feshin ya tsaya, na gangara ya ci gaba da ciyar da manoman shinkafa. Abin da ya rayu shi ne wanda bai jingina da abin da ba ya hannun manomi ba. Marubucin wannan maƙala yana ganin wannan ma'auni ne ya dace a auna kowace na'urar zamani da shi kafin a shigar da ita gida.

4.3 Gidan da ba ya zama babu kowa

Rangwamen wutar da ake tallatawa a Amurka ya ginu a kan gidan da ake kullewa da safe, kowa ya tafi aiki ko makaranta, sai yamma. A Bakura ko Maradun lokacin da rana ta fi zafi shi ne lokacin da mata da ƙananan yara da tsofaffi suke cikin gida, kuma su ne zafi ya fi cutarwa. Tsarin da ke bin wayar mai gida, ya kashe sanyi idan ya yi nisa, kuskure ne a nan: maigida ya tafi cin kasuwar Talata, a kashe wa jaririn da ke barci iyakwandishan. Haka nan gida mai ɗakuna da yawa, kowace mata da nata, ba ya sarrafuwa da ma'aunin zafi ɗaya. Kayan aro ba ya rufe katara. Ya kamata a kashe wannan tsari tun ranar haɗawa, a bar rimot a hannun mai ɗakin, a kuma sa manhajar a wayar fiye da mutum ɗaya.

4.4 Inda jadawali ke da riba

A ƙaddara iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya yana jan wat 900 idan kwamfuresa na aiki. Al'adar da aka saba ita ce a sa shi a digiri 16, da zaton zai fi saurin sanyi. Ba haka ba ne: injin da ba na inbata ba gudu ɗaya yake yi, lambar kawai tana gaya masa inda zai tsaya, kuma a bazara ɗaki ba zai kai 16 ba, don haka ba zai tsaya ba. A dare mai sa'o'i goma zai sha yunit 9. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da yunit 2.4, amma rabi ake ɗiba daga irin mai ruwa idan ana so ya daɗe. Batir huɗu ke nan yunit 4.8. Za su ƙare cikin sa'o'i biyar da 'yan mintuna, tun kafin a cire abin da inbatar sola ke ci, a farka cikin gumi da tsakar dare.

Idan aka tsara na'urar ta sanyaya ɗakin daga azahar zuwa la'asar, lokacin da farantai ke ba da wuta fiye da buƙata, bango da daɓe za su sha sanyi. Da dare a mai da ita digiri 26 tare da fanka, ta kashe iyakwandishan gab da asuba lokacin da iska ta yi sanyi. In kwamfuresa ta yi aikin rabin lokaci kawai, abin da za a sha bai wuce yunit 4.5 ba. Hukumar kula da tsimin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa ƙarin digiri ɗaya na rage kimanin kashi 6 cikin ɗari na wuta, shi ya sa daga 2020 ta wajabta a fito da sababbin iyakwandishan a kan digiri 24. Dabarar sanyaya ɗaki tun da rana ta fi aiki a ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin soro, ko ginin bulo mai silin. A ɗakin kwano marar silin sanyin tsiyayewa yake yi, kuma kuɗin na'ura ya fi dacewa a kashe shi a kan silin. Ƙurar hunturu ma tana toshe matatar iska, wanke ta kowane mako biyu yana daga cikin tsimin.

Duk wannan bai buƙaci intanet ba. Agogo yake buƙata da ma'aunin zafi mai gaskiya.

4.5 Firjin rigakafi da injin ƙyanƙyasa

Akwai wuraren da labari daga nesa yake ceton dukiya da rai. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8. Allurar penta da ta ciwon hanta nau'in B da ta tetanus suna lalacewa idan sun daskare, kuma ido ba ya saurin ganewa. Ƙa'ida ita ce ma'aikacin lafiya ya rubuta zafin firji sau biyu a rana, amma tsakanin rubutun yamma da na safe akwai dare guda. Na'urorin lura masu layin waya suna aika saƙon gargaɗi da zarar zafi ya fita daga iyaka. Abin koyi a tsarinsu shi ne an raba aiki biyu: firjin mai sola yana daidaita zafinsa da kansa, saƙo kuwa gargaɗi ne kawai. Sabis ya ɗauke, firji bai tsaya ba. Mai kiwon kaji ko zabi da ke ƙyanƙyasa da inji yana cikin irin wannan hali, domin ƙwan kaza na buƙatar kimanin digiri 37.5 na kwana 21, kuma 'yan sa'o'i na zafi mai yawa sun isa su kashe zubin gaba ɗaya.

5.0 Shawara

Sassan koyar da aikin lantarki a Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara suna da damar horar da masu gyaran iyakwandishan da masu haɗa sola a kan tsara jadawali, domin su ne magidanci ke tambaya kafin ya saya. Ɗalibansu za su iya haɗa na'ura mai agogon batir da ma'aunin zafi wadda ke aika saƙon tes maimakon dogara da intanet, kuma kayan haɗinta ba su da tsada. Mai saye kuma ya nemi a yi masa gwaji a gabansa kafin ya biya: a tsara jadawali, a kashe waifai, a yanke wuta, a mai da ita. Idan na'urar ta ci gaba da bin lokutanta, ta dace da Mafara, Bakura da Maradun. Idan ta tsaya tana jiran sabis, kada a saye ta.