Mikiyar Steller: Baƙuwar Hunturu a Gaɓar Hokkaido

Duk shekara idan hunturu ya kama, masu kallon tsuntsaye kan nufi garin Rausu da ke gaɓar tsibirin Hokkaido, a arewacin Japan, domin ganin mikiyar Steller. Ana gane ta da ƙaton baki rawaya da fararen kafaɗu, kuma macen takan kai kilo 9.

A gabashin Rasha take ƙyanƙyasa. Idan ruwa ya daskare a can, sai ta gangaro kudu neman kifi. An fi ganinta a watan Fabrairu, bisa ƙanƙarar teku.

'Yan dubbai ne kawai suka rage a duniya. Da dama sun mutu bayan cin mushen barewar da aka harba da harsashin dalma, lamarin da ya sa hukumomin Hokkaido suka haramta farauta da shi.