Yadda Intel Ya Yi Tuntuɓe A Nanomita 10

Da yawanmu a Gubuchi da Makarfi muna buga labaranmu ne a tsohuwar kwamfutar gwanjo mai tambarin Intel, sauran kuma a waya. Tarihinmu na wannan mako a kan ƙwaƙwalwar da ke cikin waɗannan na'urori ne, da shekarun da kamfanin da a lokacin ya fi kowa iya ƙera ta ya kasa rage girmanta.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗan guntun silikon ce da aka jera wa tiranzistoci, wato ƙananan makunnai masu buɗewa da rufewa. Ta farko da Intel ya fitar a 1971, mai suna 4004, tana ɗauke da guda 2,300, an kuma ƙera ta a ma'aunin nanomita 10,000. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Duk lokacin da aka ƙanƙanta makunnan, sai su ƙara yawa, aiki ya ƙara sauri, cin wuta ya ragu. Gordon Moore, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya yi hasashen cewa adadinsu zai riƙa ninkawa duk shekara biyu, kuma Intel ya daɗe yana cika wannan alƙawari.

A 2014 ya kai nanomita 14. Mataki na gaba shi ne 10, aka sa ran 2016. A nan aka yi kuskuren lissafi. Maimakon ninki biyu da aka saba, sai kamfanin ya ƙudurta cusa tiranzistoci kusan ninki 2.7 a fili ɗaya, kuma da tsohuwar hanyar zane da haske, domin sabuwar na'urar kamfanin ASML na ƙasar Holan ba ta gama nuna ba. Dole aka riƙa maimaita zanen sau da yawa a kan faifan silikon ɗaya. Kowane maimaici ƙofa ce ta kuskure, don haka waɗanda ke fitowa lafiya ba su isa a yi kasuwa da su ba. Sai a 2019 kayan suka fito da yawa, Bob Swan, shugaban kamfanin na lokacin, ya amsa cewa sun zurfafa buri.

Kafin nan TSMC na ƙasar Taiwan, mai tafiya da gajerun matakai, ya fara ƙera nanomita 7 a 2018. AMD ya koma wurinsa ya fitar da Ryzen 3000 a 2019. A 2020 Apple ya sanar da rabuwa da Intel, ya fito da M1 mai tiranzista biliyan 16. Sauri ya haifi nawa.

Wani abin lura: waɗannan lambobi sun daina nufin ainihin awo. Nanomita 10 na Intel ya yi kusan daidai da 7 na TSMC a cunkoso, shi ya sa a 2021 Intel ya sauya wa ingantaccen samfurinsa suna zuwa Intel 7. Mu masu rubutun tarihi, kada lambar talla ta ruɗe mu. Mu bincika me aka auna.

Wanda ke da kwamfuta a kusa ya duba tambarinta ya faɗa mana tsararta a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.