Tattara Tarihin Baka a Ƙasar Madarumfa

Garin Madarumfa, wanda yake kudu da Maraɗi a kwarin gulbin da ya biyo daga ƙasar Katsina, ya shahara da tafkinsa da kuma kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da ruwan, har gwamnatin Nijar ta sanya wurin cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a shekarar 2006. Abin da aka sani game da waɗannan waliyyai, da yawancin abin da aka sani game da ƙauyukan kwarin kamar Safo da Jiratawa da Gabi, ya iso ne ta hanyar tarihin baka, wato labarin da wani zamani yake miƙa wa na bayansa da fatar baki, cikin kirari da waƙoƙin fada da jerin sunayen sarakuna da zantukan dattawa.

Turawan mulkin mallaka sun rubuta irin waɗannan labarai a yankin, musamman tafinta Landeroin na tawagar Tilho, wadda ta shata iyakar Nijar da Nijeriya daga 1906, kuma aka buga abin da ya jiyo a 1911. Manufarsu ita ce sanin gidan da ya cancanci sarauta da iyakar ƙasar kowane sarki, shi ya sa suka fi zama a zauren masu mulki.

Aikin ya samu mazauni ne bayan an buɗe reshen cibiyar bincike ta IFAN a Yamai a 1944, wanda ya koma hannun Nijar bayan 'yancin kai, sannan a 1974 aka haɗa shi da jami'ar Yamai da sunan IRSH, wato cibiyar nazarin rayuwar al'umma, mai reshe a Maraɗi. A 1968 kuma, da taimakon UNESCO da goyon bayan masanin tarihi Boubou Hama, aka kafa cibiyar tattara labaran baka ta yanki, wadda daga baya ta zama CELHTO a ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. A cikin jerin littattafan Études Nigériennes ne Philippe David ya fitar da bincikensa kan tsohon birnin Maraɗi da labarin yaƙe-yaƙen jarumin Maraɗi Ƙaura Hasau, yayin da Guy Nicolas ya daɗe yana nazarin Anna, wato Hausawan kwarin da suka riƙe al'adun gargajiya.

Wahalar aikin ba a naɗar murya take ba, tana wajen tantance ta. Maroƙi yana yabon wanda yake ci da shi, jerin sarauta yakan tsallake sarkin da aka tuɓe, dattijo kuma yana lissafin zamani da yunwa ko fara ko ambaliya, kamar ta 1945 da ta tashi tsohon birnin Maraɗi, sai mai bincike ya nemo shekarar da kansa. Ƙasar Madarumfa tana da wata matsala ta dabam, domin bayan masu jihadi sun ci Katsina a farkon ƙarni na 19, zuriyar sarakunan Haɓe sun kafa Maraɗi, kwarin ya zama hanyar mayaƙan ɓangarorin biyu. Saboda haka Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore, wanda ake yi wa kirarin jarumi a nan, a can Katsina maharin da ya addabi ƙauyuka ne. Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina na 1981, ya nuna cewa sai an gwama ruwayoyin baka da rubuce-rubucen malamai kafin a tsai da magana.

Babban gibin da ya rage shi ne harshe da nisa. Da Hausa aka ba da labaran, da Faransanci aka buga yawancinsu, faya-fayan kuma suna ajiye a Yamai, inda jikokin waɗanda suka yi maganar ba sa kai wa gare su, ga zafi da ƙura suna cin tsohon faifai. Ya kamata Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ta nemi kwafin waɗannan muryoyi, ta juye su a kwamfuta, ta buga su da Hausa, ta kuma tura ɗalibanta wajen masunta da mata da masu kula da kaburburan tafkin tun dattawansu suna raye.