Tsakanin tukunyar kunu da tukunyar giya: tarihin tsiron hatsi

Duk macen da ke dama kunun zaki a Diffa ta san cewa a watan Afrilu, in ta dama da asuba, kafin la'asar ya soma tsami, in ya kwana sai murfin gora ya riƙa huci. Abin da ba a cika faɗa ba, don kunya, shi ne wannan hucin farkon giya ne. Kunun zaki da burukutu hanyarsu ɗaya tun daga rumbu, sai can gaba suke rabuwa.

Hanyar ita ce tsiro. A jiƙa dawa ko gero ko shinkafa, a shimfiɗa a inuwa, a rufe da buhu mai danshi kwana uku zuwa huɗu har ƙwayar ta fito da saiwa, sannan a shanya a niƙa. Ƙwayar da ta tsira tana fitar da wani sinadari, amilas, wanda ke mai da sitacin hatsi sukari. Shi ya sa kunun kakanninmu ke da zaƙi tun kafin sukarin kanti ya iso. Mai kunu a nan take tsayawa. Mai burukutu kuwa tana tafasa ruwan tsiron, ta bari ya huce, ta zuba masa ragowar tsohuwar giya, ta bar yis ya cinye sukarin ya mai da shi barasa.

A kwarin Komadugu giya ta daɗe da rasa mazauni a bainar jama'a. Sarakunan Kanem sun musulunta tun ƙarni na 11, kuma Birnin Ngazargamu, da Mai Ali Gaji ya kafa kusa da wannan kogi a ƙarni na 15, gari ne na malamai har faɗuwarsa a 1808. A ƙasar Hausa labarin ya ɗan bambanta. Maguzawan Kano, waɗanda Joseph Greenberg ya yi littafi a kansu a 1946, da Aznan ƙasar Maraɗi, sun riƙe giyar dawa a bukukuwa da gayya da tsafi, kuma mata ne ke dafa ta. Sana'ar ce dai ake kira dolo a Burkina Faso, bilbil a arewacin Kamaru da Cadi.

Malaman fiƙihu ma sun san wannan iyaka, kuma da lokaci suka auna ta. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi a ruwa, ya sha har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Wato abin sha ɗaya ne, kwanaki ne ke sauya hukuncinsa. Sai dai kada uwa ta ɗauki kwana uku ta ɗora wa kunu: ruwan zabibi daban, ƙullun da aka zuba wa tsiro a zafin da ya haura digiri 40 daban.

Turawa sun zo ga bayanin abin a makare. Sai a 1833 Payen da Persoz a Faransa suka ware sinadarin nan daga tsiron sha'ir, suka kira shi diyastas. Daga 1857 Louis Pasteur ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke sa tsami da kumfa, ba iska kawai ba. A 1883 Emil Hansen, a masana'antar Carlsberg ta Danmak, ya ware yis iri guda tsantsa. In aka duba da kyau, gyaran da suka kawo bai wuce tsabtar mazubi da sanin zafi da ƙidayar lokaci ba. Yaranmu na haddace sunan Pasteur a lakwal don jarrabawa, su koma gida su wuce buhun tsiron da ke bayan ɗaki ba su san darasin ne a shimfiɗe ba.

Wurin da ya fi ba ni haushi a tarihin nan shi ne 1988. A shekarar Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, dole manyan masana'antu suka koma ga dawa, musamman irin SK5912 na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya. Ba giya kaɗai ba, har lemunan malt da ake raba wa baƙi a wurin suna da ɗaurin aure dawa ta shiga cikinsu. Abin da tsofaffin mata suka riƙe ɗaruruwan shekaru ya dawo mana cikin kwalba da tambari, muna saye da tsada, alhali a gida mun bar shi ya zama sanin matan da ake yi wa kallon raini.

Yau maganar ta shafi cikin yara. Tun hare-haren Fabrairun 2015 a Bosso da Diffa, dubban iyalai suka bar gonakin tattasai da shinkafa na bakin kogi, kuma mata da yawa da ƙananan sana'o'i irin su kunu da ƙosai suke ciyar da gida. Masu sayen kunun nan a ƙofar makaranta ɗalibanmu ne. Don haka gyaran tukunya ba ƙaramin abu ba ne.

Tsiron da ya yi furfura a zubar, domin wasu nau'o'in furfura na barin gubar da tafasa ba ta kashewa. Saiwa da ɗan ganyen tsiron dawa a murje su a sheƙe bayan shanya; gubar da ke cikinsu ita ce makiyaya suka sani a gyauron dawa mai kashe akuya. Kada a zuba tsiro cikin ƙullu yana tafarfasa, amilas na mutuwa. Ya fi aiki tsakanin digiri 60 da 70, wato bayan an sauke tukunya ta ɗan sha iska. Ruwan sirki ya zama dafaffe. Gorunan roba da ake tsintowa a wanke su da sabulu da ruwan zafi, don ɗan ragowar jiya a gindin gora aikin da yake yi shi ne wanda mai burukutu ke yi da gangan. Kunun da ya kwana ba firji, yana kumfa, ba na yaro ba ne ko da an ƙara masa sukari.